Kiyashi da tururuwa sun hana ni sakat, wa ya taɓa fama da su?

Uwar gida, Talladje:
Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Dan Allah shawara nike nema wurin wanda abin nan ya taɓa samu shi da kanshi. Tun da zafin nan ya shigo kiyashi sun mamaye min gida, jiya da asuba na buɗe gwangwanin sukari zan haɗa ma yara shayi kafin su tafi lakwal na tarar ya yi baƙi kamar an barbaɗa masoro, kuma murfin a rufe yake fa. Na fesa magani sun mutu na share, kwana biyu sun dawo ta wata hanya. Ga kuma ƴar garkata bayan ɗaki, fangali biyu ne da iccen lemu guda, na zuba irin salati sau biyu ko tsiro ɗaya ban gani ba, lemun kuma ganyenshi duk ya nannaɗe tururuwa na hawa suna sauka.

Mai garka, Harobanda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Matsala uku ce kika haɗa wuri guda, kowace da maganinta. Irin salatinki ba lalacewa ya yi ba, sace shi aka yi. Manyan baƙaƙen nan masu dakon hatsi su ne, ni shekara 14 ina aikin garka bakin gulbi kuma shekarata ta farko haka suka yi min da irin albasa ɗan Galmi da na saya da tsada, har na je na yi ma mai irin faɗa, ashe bawan Allah ba ruwanshi. Sai wata safiya na duƙa na ga layinsu, kowace da ƙwaya guda a baki, na bi su kusan taki talatin har gindin katanga, ga ramin ga ɓawon iri an tara a bakinshi kamar sussuka aka yi. Yanzu in zan yi reno cikin tsohon baho nike yi, in huda ƙasanshi in ɗora bisa tebur, ƙafafun tebur cikin gwangwanin tumatir da ruwa. In ya yi ganye huɗu in dasa, tsiro bai dame su ba ƙwaya suke so.

Na lemun kuma ki juya bayan ganyen ki duba, za ki ga wasu ƙananan ƙwari manne da wani danƙo. Darɓa ce. Ita ke tsotse ganyen tana fidda ruwa mai zaƙi, tururuwa na sha suna gadinta kamar makiyayi da garke, har kore mata ƙwarin da ke cin ta suke. Ki daka ƴaƴan dogon yaro busassu rabin kilo ki jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, ki tace ki sa ɗan sabulu ki fesa da marece ƙarƙashin ganye, sati sati. Darɓa ta tafi su ma za su rage.

Ɗan Adar, Tawa:
Mu nan toka muka sani tun muna yara, a zagaye rumbu da ita ko tukunya. Tana tare su amma ba ta kashewa, kuma da iska ta taso ko ruwa ya taɓa ta shi ke nan sai an sake. Ramin da ke tsakar gidanmu tafasasshen ruwa na zuba mai tukunya ukku, ya mutu, amma wanda ke gindin zogalata da na yi ma haka zogalar ta riga su tafiya, sayyun sunka dahu. Kar ki kuskura ki zuba kusa da lemun. Kakata Allah ya jiƙanta ita ba ta yarda a taɓa gidan tururuwa in ba cikin gida yake ba, ta ce lokacin yunwar 1984 ramunansu anka riƙa tonawa ana kwasar tsabar da sunka tara ana ci.

Maman ƴan biyu, Bukoki:
Yaya ni gargaɗi na zo yi, ki rufa ma kanki asiri ki rabu da maganin ƙwarin nan piya-piya. Bara na saya wurin wani mai talla cikin ƴar kwalba ba ko takarda jikinta, na yayyafa lungu lungu da dare na rufe ɗaki saboda cinnaku da suka ciji ɗana a katifa, cinnaka dai ba ta san na gida ba. Wajen ƙarfe biyu yaron ya tashi da amai, miyau na zuba, numfashi da ƙyar, ga an ɗauke kuran, da fitilar salula muka fita neman taksi. Likita ya ce gubar maganin ce ya shaƙa, kwana biyu muka yi kwance. Har yau in na ji warin abin gabana faɗuwa yake. Kuma abin haushi bayan sati cinnakun sun dawo. Haka allin nan na ƴan Sin da ake ja ma layi, yana kashe su gaskiya amma kamarshi ɗaya da allin lakwal, yaro na gani zai ɗauka ya kai baki.

Uwar gida, Talladje:
Subhanallahi, sannu ƙanwata Allah ya ƙara mai lafiya. Wallahi ina da niyyar aiken a sayo min shi gobe, na fasa. Malam mai garka na je na juya ganyen yanzu, ga su nan cunkus kore kore hannuna har danƙo yake.

Mushe mai ritaya, Yantala:
Ɗiyata, waɗanda kike gani kina kashewa ƴan aike ne, uwarsu na can cikin rami tana zuba ƙwai, in ba ita ta mutu ba kina shara ne kawai. Ni na yi shekara biyu ina fesa kafin in gane. Abin da ya raba ni da su garin asid borik ne da na samu a farmasi, ƙaramin cokali ɗaya cikin ruwa rabin lita da sukari babban cokali biyar, a jiƙa auduga a sa cikin ƙaramar roba mai murfi a huda mata ƙananan ƙofofi a ajiye kan hanyarsu, inda yaro da kaji ba su kaiwa don shi ma ba abin ci ba ne. Kar ki cika garin, in ya yi yawa nan take za su mutu ba su kai gida ba. Wahalar ita ce haƙuri, kwana ukun farko za ki ga sun ƙaru sun yi dafifi, matata har ta ɗauko tsintsiya na ce a'a bar su su yi dako. Mu dai kwana goma sha biyu ya ɗauka kafin layin ya ɓace. Daga nan na goge hanyar da binegar don ƙamshin da suke bari ne ƴan baya ke bi, na toshe tsagar karo da siminti. Cinnaka ita ba ta damu da zaƙi sosai ba, sai ki cuɗa garin da tigadege, wato niƙaƙƙiyar gujiya.

Ɗaliba, Wadata:
Baba na gode ni ma na ƙaru. Mu a ɗakinmu na haya sukari da dabino cikin firigo muke sa wa, in ba kuran mu ɗora bisa faranti mai ruwa. Amma ta ramin soket suke fito mana, nan kam ban san ya zan sa auduga mai ruwa ba.

Mushe mai ritaya, Yantala:
Kar ki kai ruwa kusa da wuta ɗiyata. Ki ajiye robar a ƙasa inda layin ya sauko, za su same ta da kansu.

Uwar gida, Talladje:
Jama'a yau kwana tara, na dawo da labari. Na madafa sun ragu ƙwarai, da safe na ƙirga bai fi goma ba bisa kanta. Lemu na fesa sau biyu ya fara fidda sabon toho. Salati ya tsiro cikin baho, sai dai jiya na tarar ruwan gwangwani guda ya ƙafe da rana har sun fara hawa ƙafar tebur, yanzu safe da marece nike ƙarawa. Ramin manyan kuma na gano shi, ƙarƙashin katangar maƙwabta yake ta wajensu, ina jiran mai gidan ya dawo daga Maraɗi mu yi magana.