Muhawara: Neville ne ya zubar da mutuncin gidan Chamberlain ko uban ne tun farko?

Ɗan Fagge: Jama'a ni dai na gama karanta tarihin gidan Chamberlain na Ingila, uba da 'ya'ya biyu, kuma na tsaya a kan magana ɗaya, Neville shi ya rusa sunan gidan nan. Uban, Joseph, ya gyara Birmingham, wan, Austen, ya ci kyautar Nobel a 1925, shi kuwa ƙanin da Allah ya ba kujerar firaminista a 1937 sai ya kwashi ƙafa ya tafi Munich a 1938 ya sa hannu aka yanki Sudetenland daga Czechoslovakia aka miƙa wa Hitler, masu ƙasar ma ba a ba su kujera a teburin ba. Wata shida kacal Hitler ya haɗiye sauran ƙasar.

Malamin Sakandare: Ɗan'uwa a yi wa mutum adalci mana. Mutumin nan yana da shekara 69 ya hau jirgin sama har sau uku a wata guda don kada a sake irin kisan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, wanda a ciki ya rasa ɗan'uwansa Norman da yake ƙauna sosai. Kuma a 1938 Ingila ba ta shirya ba, jiragen yaƙinta na zamani ba su taru ba, na'urar hango jiragen abokan gaba ba a gama kafa ta ba, shekara ɗayan nan da aka samu ta yi amfani wallahi. Kuma shi ɗin dai ne ya shelanta yaƙi ran 3 ga Satumba 1939.

Ɗan Fagge: Malam ai Hitler ma ya samu shekarar, har da masana'antar makamai ta Skoda da ke Czechoslovakia a kyauta. Kuma wan Neville, Austen, kafin ya rasu a Maris 1937 yana cikin masu gargaɗi a kan Jamus tare da Churchill, to a gida ɗaya ma akwai wanda ya gano.

Uwar Biyu: Don Allah ku dakata, ni abin da ke ci min rai shi ne yadda kuka tsallake uban kamar wani waliyyi. Joseph Chamberlain fa shi ne sakataren mulkin mallaka daga 1895 zuwa 1903. A hannunsa aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897 aka ɗora Lugga (Lugard) a kai, a hannunsa aka karɓe ƙasa daga kamfanin Neja a 1900, Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, duk yana kan kujera, sai Satumba ya sauka. 'Yan'uwanmu da ke Maiwurno a Sudan yau jikokin waɗanda suka bi Attahiru hijira ne. Mu ne za mu zauna muna kukan Czechoslovakia muna yabon wanda ofishinsa ya ci garuruwanmu?

Baƙon Birmingham: Hajiya maganarki gaskiya ce amma akwai gyara kaɗan, lokacin da aka ci Kano Joseph yana Afirka ta Kudu, ya tafi rangadi bayan yaƙin Ingila da Boer, Turawan ƙasar, kuma ofishin nasa a Landan bai ji daɗin yadda Lugga ya yi gaban kansa ba. Ni a nan nake zaune, kullum ina wuce hasumiyar agogon jami'a da suke kira Old Joe saboda shi, shi ya tsaya aka kafa jami'ar a 1900. Da yake magajin gari daga 1873 zuwa 1876 ya karɓe gas da ruwa daga hannun kamfanoni ya mai da su na hukuma lokacin talakawa na shan ruwan rijiyoyi masu ƙazanta, ya rushe lungunan ƙazanta ya fitar da titin Corporation. Mutanen nan ba sa wasa da sunansa.

Uwar Biyu: Yana Afirka ta Kudu ko yana ɗakinsa, wa ya naɗa Lugga, wa ya ba shi soja da bindiga mai ruwa? Da ya dawo ya tsige shi? Ya ce a mayar wa Sakkwato ikonta? Ko kusa. Kuma kafin mu ai an yi wa Kumasi a 1896 aka kama Sarki Prempeh aka kai shi gudun hijira, nan ma shi ne. Ruwan famfo ga mutanen Birmingham, harsashi ga namu.

Malamin Sakandare: A nan ina tare da Hajiya. Ko a siyasar cikin gida uban ya fi ɓarna, ya raba jam'iyyar Liberal a 1886 saboda ya ƙi a ba Ireland 'yancin cin gashin kai, ya koma wajen 'yan mazan jiya ya sake raba su a 1903 kan harajin kayan waje, suka sha mugun kaye a zaɓen 1906. Kuma ku duba yadda ya yi da 'ya'yan, Austen ya tura shi Cambridge da Faransa da Jamus yana shirya shi don mulki, Neville kuwa yana saurayi ya jefa shi tsibirin Andros a Bahamas ya noma sisal, wannan tsiron da ake igiya da shi, yaro ya yi shekaru yana fama ƙasa ta ƙi, aka yi asarar fam 50,000. Wanda aka raina ɗin shi ya zama firaminista, kuma a matsayin ministan lafiya ya yi aikin gidaje da fanshon zawarawa da marayu wanda talaka ya amfana.

Ɗan Fagge: Na ji na uban kuma ban musa ba, Burmi ba abin wasa ba ce. Amma tambayata a kan wa ya zubar da sunan gidan ne, yau a duniya in aka ce Chamberlain ba mai tuna Locarno, yarjejeniyar zaman lafiya da Austen ya taimaka aka ƙulla a 1925, ko ruwan Birmingham, takardar nan da Neville ya ɗaga a filin jirgi da ya dawo daga Munich ake tunawa.

Uwar Biyu: A duniyar Turawa kenan. Su suka rubuta littattafan shi ya sa laifin da aka yi wa Bature ya fi fitowa. Ni 'ya'yana zan fara koya musu sunan Joseph da 1903 kafin su ji wata Munich.

Baƙon Birmingham: To Malam in kana da hali ka kawo mana bayanin Austen da yarjejeniyar Locarno gobe, shi kaɗai ne ba mu taɓa sosai ba, kuma ina so in ji dalilin da ya sa ya shugabanci jam'iyyar 'yan mazan jiya daga 1921 zuwa 1922 amma bai hau firaminista ba.