Zan ajiye motona wata huɗu cikin hunturu, ku ba ni labarin abin da ya same ku

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wurin aiki sun tura ni Agadas daga farkon Nuwamba har ƙarshen Fabrairu, kuma ba zan kai motona can ba. Moto ne mai ƙafa biyu, Yamaha R6 ƙirar 2008, hannu na biyu na saye shi. Zai zauna cikin shagon ƙofar gidanmu a Maraɗi. Akwai ƴan kuɗi da na ware, raina na raya mini in sa masa sabon salansa kafin in tafi, in dawo in tarar da shi ango. Wanda ya taɓa jingine irin wannan moto na watanni, don Allah ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Ɗan Zariya a Kebek:
Wa alaikumus salam. Ni wannan aikin farilla ne gare ni duk shekara. A jihar Kebek ta Kanada, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris doka ta ce sai da tayar sanyi za a hau titi, har da moto, don haka kusan kowa kulle nasa yake yi. Ga sanyin da ke kai 20 ƙasa da sifili, ga gishirin da suke watsawa a hanya wanda ke cin ƙarfe.

Shekarata ta farko na tura motona CBR cikin garaji yadda na sauko daga kansa, na ja ƙofa. Da Afrilu ta zo na murɗa makulli, ko fitila ba ta kama ba. Batir ya mutu murus, ba ya ɗaukar caji kuma. Man Kanada yawanci akwai sinadarin etanol a ciki, shi kuwa yana jan danshi, sai na tarar da ɗigon tsatsa a cikin tanki don na bar shi rabi. Tun daga nan nake cika tanki fal, in zuba maganin da ke hana mai lalacewa, in bar inji ya yi aiki ƴan mintoci don maganin ya zagaya. Ina yin juyen baƙin mai kafin ajiya, don tsohon mai na ɗauke da datti mai cin ƙarfe. Batir kuma yana kan ƙaramar na'urar caji har sanyi ya wuce. Ruwan lagireto rabi ruwa rabi magani ne, yana jurewa har wajen 37 ƙasa da sifili. Amma wannan na ƙarshe ba damuwarka ba ce, Maraɗi ko a tsakiyar Janairu ruwan randa ba ya daskarewa.

Maigida Mai Garaji:
Ɗan Zariya ya yi magana, amma sanyinsu daban, namu daban. Yarona, abin da ke kashe moto a hunturun Maraɗi ƙura ce da ƙwari da ɓera. Shekara sama da ashirin ina kwance inji, ban taɓa ganin wanda sanyi ya fasa ba.

Bara aka turo mini wani moto Ninja daga Sabon Gari, mai shi ya je Umra ya zarce wata harka, wata uku. Inji ya tashi lafiya, amma ka yi tafiyar minti goma sai ya shaƙe ya mutu. Ka buɗe murfin tanki sai ka ji iska ta shiga fuuu, ya sake tashi. Kwana biyu muna neman ciwo a famfon mai. Ashe zanzaro ne ya yi gininsa na laka a bakin ƴar tiyon da tanki ke shan iska. Abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, shi ya tsayar da moton miliyoyi. Wani kuma na buɗe akwatin matatar iska na tarar ɓera ta haihu a ciki, ta tattaune matatar ta yi shimfiɗa, ta haɗa da wayoyi biyu. Da mai shi ya tada inji kafin ya zo wurina, da duk tarkacen nan sun wuce ciki.

Saboda haka ka toshe bakin salansa da ƙofar iska da tsumma, ka ɗaure da leda, ka rubuta a takarda ka manna kan tanki don kada ka manta ranar dawowa. Kuma ka duba ko ana ajiye gero ko gyaɗa a shagon nan naku. In ana ajiyewa, nemi wani ɗaki.

Ɗan Bagalam:
Maigida ka taɓa inda ke ciwo. Buhunan geron Inna suna can ciki.

Mai Baƙin GSX:
Ni mai ne ya yi mini aika-aika. Kafin 2023, lokacin da man Najeriya ke da araha, wa ke zuwa gidan mai? Duk wurin ƴan ruwa-ruwa muke sha a kwalba. Na zuba lita biyar na bakin hanya, washegari na yi hatsari a ƙafa, ba da moton ba, na kwanta wata uku. Da na warke na buɗe tanki, warin da ya bugo ni kamar tsohon fenti. Mai sauƙin ya tashi, ya bar wani abu ja mai danƙo. Famfon mai ya toshe, injekta, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, biyu cikin huɗu ba sa fesawa. Sai Katsina aka samo mini famfo, shi ma cirarre daga wani moto. Da tsohon moto mai kafireta ne, a kwance a wanke da rana ɗaya an gama. Irin naka tun 2003 Yamaha ta mayar da R6 injekta, ba ya yafe mugun mai.

Tankinka kusan lita 17 ne. Ka ƙone wanda ke ciki, ka je gidan mai ka cika da sabo. Kada ka ji ƙyashin kuɗin.

Uwar ƴan biyu:
Ku yi haƙuri mace ta shigo zancen maza. Maigidana ya tafi Lome wata uku, ya yi duk abin da kuke faɗa, har zanen gado na ba shi ya lulluɓe moton. Abu ɗaya ya yi kuskure, ya bar wa ƙaninsa makulli, wai ya riƙa tada shi ranar Juma'a. Juma'ar farko an tada a tsakar gida. Ta biyu aka ce bari a zagaya unguwa don taya ta motsa. Kafin wata ya cika moton ya san hanyar Tibiri da Madarunfa fiye da mai shi. Ni kuwa matar wa ce, me zan ce wa ƙanin miji? Ranar da aka dawo da shi a bayan a-kori-kura da robar gefe a fashe, nan aka fara sallallami. Alhamdu lillahi yaron ƙujewa kawai ya yi. Har yau in an taɓo zancen a gidan, kowa sai ya kama kallon ƙasa.

Ka tafi da makullinka Agadas, har da na ajiya.

Ɗan Mokoyo:
Hajiya kin gama magana! Amma ni ina ganin tada inji duk mako yana da amfani, in an samu mai amana. Haka nake yi wa na yayana, bai taɓa ba mu matsala ba.

Ɗan Zariya a Kebek:
Minti nawa kake barinsa?

Ɗan Mokoyo:
Kamar biyar.

Ɗan Zariya a Kebek:
To wutar da batir ya kashe wurin tayarwa ba ta dawo ba a minti biyar yana tsaye. Kuma inji bai yi zafin da zai ƙone danshin da ya tara ba. Nan wurinmu wannan ne ke ruɓar da salansa ta ciki. Ko a hau shi a yi tafiyar rabin awa, ko a ƙyale shi ya yi barcinsa.

Maigida Mai Garaji:
Iskar hunturu busasshiya ce, danshi bai cika damunmu ba, amma maganar batir gaskiya ce. Ka cire shi, ka fara da kan baƙar waya. Ka kawo mini ko ka ba wani mai hankali ya riƙa aunawa duk wata. Cikakke yana nuna ƙarfin wuta volt 12.6 zuwa 12.8 a ma'auni, in ya sauka ƙasa da 12.4 a ba shi caji a hankali. Kada a kai shi wurin masu cajin batirin mota, wutarsu ta fi ƙarfinsa. Barinsa kan na'ura wata huɗu irin na Kanada kuwa, da yadda wutarmu ke zuwa tana komawa, ni ban yarda ba.

Yanzu maganar salansa. Ɗan Bagalam, in tambaye ka: yaushe rabonka da canza man birki? Tayarka ta wace shekara ce? Duba gefenta, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Yawancin motocin da ke zuwa mana hannu na biyu tayarsu ta haura shekara biyar, zanenta na nan amma robar ta bushe kamar ƙirgi. Man birki, irin da ake kira DOT 4, yana shan danshi, duk shekara biyu ake zubar da shi. Moton da ke wuce kilomita 200 a awa, a hanyar Damagaram da jaki ke fitowa ba sallama, kai kuma ƙara kake nema?

In ni ne, kuɗin nan tiyon birki mai saƙar ƙarfe zan saya, da takalmin birki, da sarƙa da haƙoranta gaba da baya tare, don sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa. Baƙin mai kuma ka duba gorar ka ga an rubuta JASO MA ko MA2, alamar man moto ne. Na mota yana iya sa kuloci santsi, tunda a moto kulocin cikin man yake wanka. Taya kam kada ka saya yanzu ta zauna tana tsufa, sai ka dawo.

Yaro Mai Wuta:
Maigida a yi mana afuwa, R6 ba ƙara ai kamar biki ba kiɗa ne. Ni na sa salansa da matatar iska irin ta tsere, moton ya buɗe.

Maigida Mai Garaji:
Ya buɗe wa ƙura. Matatar nan an yi ta ne don filin tsere na Turai. Ka zo bayan hunturu biyu mu leƙa bayanta da tocila.

Mai Baƙin GSX:
Abu biyu da na manta. Kada ka sa kwali ko katako a ƙarƙashin taya a shagon ƙasa, gara ta cinye nawa har ta yi gini a jikin taya. In kana da ƙarfen ɗaga baya ka ɗaga shi, in babu ka cika iska, a ma'aunin bar 2.5 gaba 2.9 baya. Sannan ranar dawowa, kafin ka ko tura shi, goge ƙarafan ƙafar gaba masu sheƙi. Ƙurar da ta kwanta a kai ita ke yanka robar, mai ya fara zuba. Sarƙa ka wanke da kananzir, esansi na cinye ƴan zobban robarta.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na fito daga shago da tocila. Lambar tayar gaba 3117, ta baya 0819, wato ta 2017 da ta 2019. Man birki ya koma kalar shayi. Na fasa sayen salansa. Maigida, gobe bayan Azahar ina nan tafe da shi, a yi juye da birki da sarƙa, batir kuma ya kwana wurinka. Inna ta ƙi a taɓa geronta, don haka moton ne zai koma ɗakina, sai an cire ƙyaure ɗaya kafin ya shiga. Hajiya, ƙanina na tsaye a kaina lokacin da nake karanta saƙonki, ya ce a tambaye ki ko da shi kike.