Wake ya ƙi nuna kafin a ɗauke wuta, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min. Ina aji biyu a jami'a, garau-garau ne abincina kusan kullum, shi kaɗai aljihuna ke ɗauka. Waken ne ya gagare ni. Da rishon lantarki nake girki, wutar kuwa da ƙyar take awa ɗaya, sai a ɗauke waken na nan kamar tsakuwa. Na gwada kanwa, ya nuna kam, amma ya yi duhu, shinkafar ta caɓe, cikina ya yini yana ƙugi a aji. Wata ta ce in jiƙa tun dare. To a wannan zafin ba zai yi tsami ba? Awa nawa ya kamata? Firji dai ba mu da shi.