Rubutu ya koma mini nauyi, ga kuma masu karatu suna jira

Marubuciya daga Tawa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena marubuta. Ina neman shawararku a kan wani hali da na shiga, wanda nake zaton ba a kaina aka fara ba. Ni malamar firamare ce a nan Tawa, kuma ina rubuta ƙirƙirarrun labarai da nake sakewa kashi-kashi a zauren WhatsApp. Littafin da nake kai yanzu na kuɗi ne: mai son karantawa yana biyan sefa jika guda kafin a shigar da shi zauren, ni kuma na yi alkawarin shafi ɗaya kullum ban da Juma'a. Labarin ya kai wajen rabi, sai abin ya tsaya mini cak.

Ba wai ban san abin da zai faru gaba ba ne, domin tun farko na san inda labarin zai ƙare. Abin da ke damuna shi ne, da zarar na ɗauki waya da niyyar rubutu sai ƙirjina ya yi nauyi, kaina ya ɗau ciwo, in zauna ina kallon layi ɗaya har dare ya raba. Jarumar da a da nake kwana da tunaninta, yanzu haushinta nake ji. Ba na samun sukuni sai bayan sallar isha'i, idan na gama girki da duba aikin ɗalibai da kwantar da yara, ga zafin bazara, ga wuta da ake ɗaukewa a daidai lokacin da waya ke neman caji. Da safe kuma in tarar da saƙonni, wasu suna yi mini addu'a, wasu suna gorin cewa na ci kuɗinsu na yi shiru.

Shin wannan lalaci ne ko ciwo? In dakata, ko in daure in kammala ko da rubutun bai yi daɗi ba?

Wani dattijon marubuci daga Yamai:

Wa alaikumus salam. Ƴata, mai lalaci ba ya zama da waya a hannu har tsakar dare yana kokawa da layi ɗaya, saboda haka ki cire wannan zargin daga ranki. A ganina abin da ya gajiyar da ke ba rubutu ba ne, bashi ne. Ranar da kika karɓi kuɗin littafin da ba ki gama ba, ranar kika zama mai bashi a wuyanki, kuma kowane shafi ya tashi daga abin da kike ƙirƙira ya koma abin da kike biya. Shi ya sa kike jin haushin jarumar da ba ta yi miki komai ba.

A zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, daga shekarun 1980 zuwa gaba, ana fitar da labari ne na ɗaya, na biyu, na uku, kuma mai karatu kan jira watanni kafin ci gaba ya iso hannunsa, balle mu da muke nan Nijar da sai ƴan kasuwa sun ɗauko mana. Marubucin wancan lokaci yana da nasa ciwon kan, na kuɗin ɗab'i da na dillalai, amma ba wanda ke ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba yana tambayar shafin yau. Ku kuwa waya ta haɗa muku ɗakin rubutu da kasuwa da majalisar masu suka a wuri guda, kuma wurin nan yana ƙarƙashin matashin kanku.

Akwai kuma batun da ba a cika faɗa ba. Yawancin masu karanta labaran Hausa a intanet suna Najeriya, da naira suke biya. Tun da darajar naira ta faɗi sosai daga watan Yunin 2023, ita kuma sefa tana ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 ga yuro ɗaya, abin da ke isowa hannun marubucin Nijar bayan canji ya ragu ƙwarai, alhali aikin bai ragu ba. Da yawa sai suka nemi cike giɓin ta hanyar ƙara yawan shafuka ko buɗe littattafai biyu a tare, wanda hakan ke ƙara dagula lamarin.

Shawarata ita ce ki fito fili ki gaya wa ƴan zaurenki cewa kin dakata, ki faɗi ranar da za ki dawo, ranar da kika tabbata za ki iya cikawa, kuma ki ce duk wanda ba zai iya jira ba ya karɓi kuɗinsa. Kaɗan ne za su karɓa, amma furucin kansa zai sauke miki rabin nauyin. Daga wannan littafin kuma kada ki sake sayar da labarin da ba ki rubuta ƙarshensa ba.

Ma'aikaciyar jinya daga Yamai:

Ƴar'uwa, sannu. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce, amma abin da kika bayyana sananne ne a fannin lafiya. Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan irin wannan gajiya bayan ya lura da ita a tsakanin ƴan sa-kai na wani asibitin kyauta a birnin New York, mutanen da suka fara aiki da zumuɗi suka ƙare ba su da sauran kuzari. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a bugu na 11 na kundinta na rarraba cututtuka, inda ta ce ba cuta ba ce a karan kanta, hali ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba. Ta ba da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin nisa da aikin ko tsanarsa, da kuma raguwar ingancin abin da mutum ke yi. Duk ukun suna cikin bayaninki.

Sai dai ina so ki bambanta wannan da ciwon damuwa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Gajiyar aiki takan tsaya a kan aikin: idan kin je suna ko biki kina dariya, abinci yana miki daɗi, rubutun ne kawai ba kya son gani. Amma idan baƙin ciki ya mamaye miki yawancin yini har tsawon mako biyu ko fiye, komai ya fita ranki, cin abinci da barci suka rikice, ko kika fara jin cewa rayuwar ma ba ta da amfani, to wannan ya wuce shawarar marubuta, sai ki ga likita ba tare da jinkiri ba, kuma babu abin kunya a ciki. Ko ba haka ba ma, ina ba ki shawara ki je a auna jininki, saboda ƙarancin jini ya yawaita a tsakanin matanmu, kuma shi da zazzaɓin cizon sauro da ciwon sukari duk suna kawo kasala da ciwon kai da mutum zai ɗora wa aiki.

Sai batun barci, wanda nake ganin nan ne za ki fara. Baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai, ke kuwa kina kwanciya bayan tsakar dare ki tashi da asuba, a watannin Afrilu da Mayu da zafin Tawa da Yamai ke haura digiri 40, lokacin da barcin kowa ma ba ya nauyi. Idan kina shan shayi don ki kori gyangyaɗi, ki sani cewa sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsa yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato shayin ƙarfe goma na dare yana nan yana aiki har ƙarfe uku. Mai ƙarancin barci kuma abin da ya fi saurin rasawa shi ne natsuwa da haƙuri, su ne kuwa kayan aikin mai tsara labari. Ina goyon bayan Malam a kan dakatawa, da sharaɗin cewa hutun ya zama na gaske, ba ki ajiye rubutu ki kwana kina karanta sharhin mutane ba.

Wata marubuciyar intanet daga Tawa:

Da girmamawa ga Baba, ban yarda da ƙarshen maganarsa ba. Cewa kada a sayar da littafi sai an gama shi magana ce mai kyau ga wanda ke da wata hanyar samu mai ƙarfi, amma a wannan kasuwar tamu cikakken littafi idan ya fita yau, gobe wani ya tura shi zaure goma kyauta, ko ki ji ana karanta shi a YouTube ba da izininki ba. Sakewa kashi-kashi ita ce ƴar kariyar da ta rage mana, kuma sharhin masu karatu, duk da zafinsa, yana nuna wa marubuci inda labari ya yi sanyi tun kafin ya yi nisa.

Kuskuren yana cikin alkawarin kullum. Rijiyoyinmu na Adar ma a bazara idan aka ja ruwa sai an saurara ya sake tsattsafowa. Abin da nake yi shi ne, ba na buɗe zaure sai ina da kashi ɗaya bisa uku na labarin a ajiye, kuma ina sakewa ne ranakun Litinin, Laraba da Asabar kawai, ta yadda rashin lafiyar yaro ko ɗaukewar wuta ba za su sa in karya alkawari ba. Na kuma damƙa wa ƙanwata kula da zaure da karɓar kuɗi, ita ke amsa masu tambaya, ni sai ta tattaro mini sharhin da ya shafi labarin. Yaya, ki gwada mayar da rubutunki bayan sallar asuba ko da na rabin awa ne, kuma ki fara da biro da takarda, domin takarda ba ta kawo saƙon kowa.

Marubuciya daga Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan je a auna jinin cikin makon nan, kuma na yanke shawarar dakatawa har a yi hutun makaranta, sannan in dawo da kwana uku a mako. Abin da ya rage mini shi ne wasu sun biya da naira ta hannun wata ƙawata a Sakkwato, kuma canjin ya sauya tun lokacin. Idan sun nemi kuɗinsu, da wane lissafi zan mayar?

Wani dattijon marubuci daga Yamai:

Ki mayar wa kowa da irin kuɗin da ya biya, mai naira nairarsa, mai sefa sefarsa, adadin da ya bayar ba ragi ba ƙari, kuma ki rubuta hakan a cikin sanarwar tun farko don kada gardama ta taso. Ki bar ƙawar taki ta Sakkwato ta riƙe abin da ke hannunta har wa'adin mayarwar ya wuce, sannan ku yi canji sau ɗaya. Batun ajiye kashi ɗaya bisa uku kuma na karɓa, amma da ni ne da rabi zan ajiye.