Muhawara: Kautilya malamin makirci ne ko mai kishin talakawa?

Malam Garba: Ni a wurina Arthashastra, littafin mulkin da ake jingina wa Kautilya, wazirin sarki Chandragupta Maurya na Indiya, makarantar makirci ce. Ya ce sarki ya baza 'yan leƙen asiri cikin shigar masu zuhudu da fatake da ɗalibai, a gwada fadawa da kuɗi da mata da tsoro, a shayar da maƙiyi guba in ta kama. Maƙwabcinka abokin gabanka ne, na bayansa kuma abokinka. Ina tausayi a nan?

Hauwa: Malam, rabi ka kawo mana. A littafin nan ne aka ce jin daɗin sarki yana cikin jin daɗin talakawansa. Ya ɗora wa sarki ɗawainiyar marayu da tsofaffi da marasa lafiya. In yunwa ta faɗo, a buɗe rumbunan fada a raba hatsi da iri. Ya kuma lissafa hanyoyi 40 da jami'i ke wawure baitulmali, ya ce kama shi yana ci daidai yake da gane lokacin da kifi ke shan ruwa a cikin kogi. Wannan wurin ya taɓa ni ƙwarai.

Malam Garba: 'Yar'uwa, makiyayi ma yana lallaɓa saniya ne don nono. Talaka ya ƙoshi, kashi ɗaya cikin shida na hatsinsa ya shiga taska, taska ta ciyar da runduna.

Isa: Abin da ya fi damuna daban ne. Laifi ɗaya, hukunci daban: na Burahmin (ajin malaman addinin Hindu) da sauƙi, na Shudra (ajin masu hidima) da tsanani. Wane adalci ke nan?

Hauwa: Wannan kam ba zan kare shi ba, Yaya Isa. Amma tsoron da Kautilya ke ji na gaske ne: in babu hukuma, babban kifi zai haɗiye ƙarami, mai rauni ne zai fara halaka.

Malam Garba: To, ga inda tafarkin ya kai. Ashoka, jikan Chandragupta, ya ci ƙasar Kalinga ta gabashin Indiya da yaƙi wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000, ya kuma bayyana nadamarsa.

Isa: A nan sai a yi hattara, Malam. Littafin ya ɓace ɗaruruwan shekaru, sai a 1905 wani masani mai suna Shamasastry ya gano rubutunsa a birnin Mysore, kuma masana da dama na ganin bayan zamanin Maurya aka kammala harhaɗa shi. Da wace hujja za mu ɗora masa jinin Kalinga?