Me za mu kira "koroyid" da Hausa?

1/ Malamai da ma'aikatan asibitin ido, ga tambaya. Bangon ƙwayar ido hawa uku ne: na waje farin ido, na ciki tantanin gani mai karɓar haske. Na tsakiya fa, wanda likitoci ke kiran ɓangarensa na baya koroyid? Sau da yawa sai dai a ce wa majinyaci "can bayan ido ne", ya koma gida bai san me ke damunsa ba.

2/ Koroyid siriri ne ƙwarai, kaurinsa ta baya bai fi wajen milimita 0.2 ba, amma maƙare yake da ƙananan hanyoyin jini. Ƙwayoyin da ke kama haske babu hanyar jini a tsakaninsu, daga nan suke samun iska da abinci. Ɗan gurbin tsakiyar gani, wanda muke karatu da gane fuska da shi, kacokan a kansa ya dogara. Yana kuma ɗauke da baƙin launi mai shanye ragowar haske don kada ya yi ta yawo cikin ido. Ƙarancin wannan launi na daga abin da ke sa rana ta dami zabiya. Jan idon da ke fitowa a hoto in an haska fitila, jinin wannan hawan ne.

3/ An kawo "jijiyar ido". Ban yarda ba, jama'a sun riga sun ba wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa wannan suna. "Jan tantani" ma bai zauna ba, don a ido baƙi-baƙi ne. Asalin kalmar a Girkanci tantanin da ke lulluɓe ɗan tayi ne, amma "mabiyiyar ido" tsoratar da mutane kawai za ta yi.

4/ Ni na tsaya kan "tantanin jini". Ya faɗi abin da ke cikinsa, ya kuma jeru da "tantanin gani". Ku gwada: "Baba, tantanin jinin idonka ne ya kumbura, shi ya sa kake ganin hazo." Tsoho zai gane.

5/ Hawan tsakiya gaba ɗaya ya haɗa da baƙin ido da naman da ke daidaita gani, shi mu bar shi "bangon tsakiya". Mahauta, ku da kuke fasa kan rago kullum, in kuna da sunan baƙin shafen nan na cikin ido, ku kawo shi mu auna.