Neman shawara: gyambon kwanciya a ƙugun mahaifina

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma doguwar kwanciya ta haifar masa da gyambo a ƙasan ƙugu. Nas ɗin da ta sallame mu ta ce ciwon yana mataki na 3, ta ce jan naman da ke ciki alheri ne amma rawayan nan sai an cire shi, sannan mu riƙa kawo shi diresin. Gwaggonmu kuma ta dage a barbaɗa masa garin kafso a bar shi a buɗe ya sha iska. Don Allah masana su fayyace mini abin da nas ɗin take nufi, da abin da ya kamata mu yi a gida.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Gyambon kwanciya yana da matakai 4. A na 1 fata ba ta fashe ba, sai dai wurin ya canza launi kuma ba ya washewa idan an danna shi. A na 2 saman fata ya saɓule ko ya yi bororo. A na 3 ramin ya kai ga kitsen da ke ƙarƙashin fata. A na 4 kuwa ana iya ganin tsoka, jijiya ko ƙashi. Jan naman nan mai damshi da ƙananan gudaji, wanda ke saurin zubar da jini idan an goge shi, sabon nama ne da ke cike ramin daga ƙasa, shi ya sa ba a dirzarsa. Rawayan da ke manne kamar majina mataccen nama ne, haka ma baƙin ɓawo mai tauri, kuma muddin suna nan ciwon ba zai haɗe ba, amma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai cire su, kada wani ya sa reza ko almakashi a gida.

Ku wanke da ruwan gishiri na asibiti, mai gishiri giram 9 a kowace lita, ku rufe da bandeji mai tsabta bayan kun wanke hannu kun sa safar hannu. Sifirit da haidurojin suna ƙona sabon naman. Maganar Gwaggo kuwa, a lallashe ta cikin ladabi, domin ciwo irin wannan ya fi saurin warkewa a rufe da ɗan damshi, garin kafso kuma ba ya maganin komai a nan sai ma ya sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin.

Wani ɗan'uwa da ya yi jinyar mahaifiyarsa: Ina ganin diresin kaɗai ba zai wadatar ba idan nauyinsa yana kan wurin. Ku riƙa juya shi kusan kowace awa 2, har da dare, ku tokare bayansa da matashi, ku sa wani a ƙarƙashin sha-raɓarsa don dugadugansa su bar katifa. Zanen gado kada ya tattare ko ya jiƙe da fitsari, kuma a ɗaga shi a kan zani maimakon a ja shi. Ƙwai, wake, kifi da nono su yawaita a abincinsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Shin zuma fa? Na ji ana yabonta.

Ma'aikaciyar jinya: Ana amfani da zuma a wasu asibitoci, amma ki bari mai yi masa diresin ya yanke wannan hukunci, domin ta kasuwa sau da yawa gauraye take. Idan kuka ga mugunya mai wari, ko gefen ciwon ya kumbura ya yi zafi, ko zazzaɓi da ruɗewa sun kama shi, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar diresin. A kuma auna sukarinsa, domin ciwon suga yana jinkirta warkewa sosai.